Yadda za ka samu takalmin keke da ya dace idan ƙafarka mai faɗi ce

Jama'a masu hawan keke na motsa jiki, musamman mu na nan Garwa da Marwa har zuwa Kuseri da 'yan'uwanmu na tsallaken gada a Njamena, akwai matsalar da da yawa ke fama da ita amma ba a cika zama a yi maganarta ba, ita ce ta takalmi. Mutum zai tara kuɗi ya sayi keke mai kyau, ya sayi hular kwano, ya sayi wando mai soso, sai ya zo kan takalmi ya ɗauki duk wanda ya samu a gwanjo don kawai lambarsa ce a jiki, ya hau kwalta, kafin ya kai Pitowa tafin ƙafa ya ɗau zafi kamar ya taka garwashi, ƙaramin yatsa ya sage, dole ya sauka gindin bishiya ya cire takalmin yana matsa ƙafa. Sai ka ji ana ce masa ai rashin sabo ne, ka daure zai saki. Wallahi ba rashin sabo ba ne. Ƙafar ce ta fi takalmin faɗi, kuma irin wannan takalmi ba ya saki.

Da yawanmu a silifa muka tashi, wasu ma ƙwallo ba takalmi a cikin yashi har suka girma, kuma ƙafar da ta tashi haka yatsunta a baje suke, gabanta a buɗe. Su kuwa takalman tseren keke yawancinsu a kan siririyar ƙafa aka ƙera su, musamman na kamfanonin Italiya, baki tsukakke, ƙasa mai tauri wanda ba ya lanƙwasa ko kaɗan, sama kuma ba fata ba ce, wata irin roba ce da aka yi ta don kada ta miƙe. To ina ƙafar za ta je?

Abin da nake so ya zauna maka a kai tun kafin ka taka kasuwa shi ne, lambar da ke jikin takalmi, 42, 43, 44, tsawo kaɗai take faɗa. A lissafin Turai da muke amfani da shi a nan, tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku ne na santimita, wato milimita 6 da ɗan ɗori, amma faɗin da ake ƙarawa daga wannan lamba zuwa ta gaba da ƙyar yake kai milimita 2. To ka ga wanda ƙafarsa ke neman ƙarin faɗin milimita 6, in ya ce da lamba zai nemo shi sai ya haura lamba uku, mai sa 43 ya koma 46, takalmi ya yi masa zololo, dunduniya na fita tana komawa duk juyi ɗaya na feda, kuma babbar ɓarnar ma ita ce ramukan da ake ɗaura ƙarfen kama feda a ƙasan takalmin sun gudu gaba sun koma ƙarƙashin yatsu, mutum ya dinga tuƙi da yatsu, sha-raɓa ta ɗaure, agara ta kama ciwo. Don haka ƙarin lamba ba magani ba ne. Rabin lamba dai ba laifi, amma ba biyu ko uku ba.

Fara da awon ƙafarka

Kada ka yi awon da safe. Ƙafa tana ɗan kumbura da wuni, ta fi kumbura in ana zafi ko an yi aiki da ita, don haka ka bari sai bayan la'asar, in ma ka dawo daga hawan keke ne ya fi. Ka nemi kwali ko farar takarda da ta fi ƙafarka girma, bik ko fensir, rula, da tef ɗin awo irin na tela. Ka sa safar da kake hawa keke da ita, ba wata mai kauri ta hunturu ba.

Ka shimfiɗa takardar a kan siminti ka jingina gefenta da bango, ka taka, dunduniya ta taɓa bangon. A tsaye fa, nauyinka a kan ƙafar, domin in kana zaune ƙafar ba ta bajewa kuma awon zai yi maka ƙarya. Ka kira ƙaninka ko abokin hawanka ya yi maka alamar, don in ka sunkuya da kanka nauyin ya karkace. Wasu zagaye ƙafar suke yi da bik, yana yi, amma kaurin bik ɗin kansa yana ƙara milimita biyu ko uku, in kuma mai zanen ya karkata hannu ya shige ƙarƙashin ƙafa ya rage. Abin da ya fi shi ne ya ɗauki kwalin ashana ko ƙaramin littafi ya tsayar a kan takardar, ya turo shi har ya taɓa yatsan da ya fi tsawo, ya ja layi a gindinsa. Ka lura, ba kowa ne babban yatsansa ya fi tsawo ba, wani na biyun ne. Sai ya sake turo kwalin ya taɓa ƙashin nan da ya ɗan fito a gindin babban yatsa, ya ja layi, ya zagayo ya taɓa na gindin ƙaramin yatsa, ya ja layi. Daga bango zuwa layin gaba shi ne tsawo. Tsakanin layukan gefe biyu shi ne faɗi. Ka rubuta su da milimita, ba da santimita ba, don a wannan harka milimita 3 abu ne babba.

Ka yi wa ƙafa biyun duka, kusan kowa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, kuma babbar ita ce za ka yi ciniki da ita. Daga nan ka ɗauki tef ɗin tela ka zagaye ƙafar a daidai ƙasusuwan nan biyu, ka sake zagaye tsakiyarta inda doron ƙafa ya fi tudu. Wannan awon ne zai nuna maka ko matsalarka faɗi ce kawai ko har da kauri, domin akwai mai ƙafa shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, akwai kuma wanda faɗinsa daidai amma doron ƙafarsa ne mai tsayi, igiya na danne masa jijiya, shi ma ya sage ya ɗauka faɗi ne.

Ga ɗan ma'auni na kusa-kusa. Ƙafar namiji da ta kai milimita 270 a tsawo, wadda galibi 43 take sawa, faɗinta kan zo wajen 100 zuwa 102. In naka ya kai 106, 108, har 110, to kana cikinmu, takalmin tsere na gama-gari ba zai taɓa yi maka daɗi ba. Ka ajiye lambobin nan a waya, ka kuma yanke siffar ƙafar a kwali ka ajiye, za ta yi maka amfani a kasuwa.

Wace irin feda kake hawa?

Kafin maganar kamfani sai an warware wannan, don takalmi da feda tare suke tafiya. Iri uku ne a taƙaice.

Akwai feda shimfiɗaɗɗiya ta kullum da kowa ya sani. Akwai mai kama takalmi ta noti biyu, wato SPD da Shimano ta fito da ita a 1990, ana ɗaura ɗan ƙaramin ƙarfe da noti biyu a ƙasan takalmin, masu keke a nan kal suke ce masa, kuma yana nutsewa cikin tafin takalmin yadda za ka iya tafiya da ƙafa lafiya lau. Sai ta 'yan tseren kwalta mai noti uku, irin ta Look da SPD-SL ta Shimano, kal ɗinta na roba ne babba yana fitowa waje. Kamfanin Look na Faransa ne ya kawo wannan salon a 1984, ɗan tseren Faransa Bernard Hinault ya ci babbar gasar keke ta Tour de France da shi a 1985, daga nan duniya ta bi.

Ni dai ra'ayina a fili yake, ga mai faɗin ƙafa a wannan yanki namu mai noti uku ita ce ta ƙarshe da zan ba shi shawara, sai fa in gasa yake shiga da gaske. Takalmanta ne suka fi kowanne matsewa, kal ɗin roba kuma yashi da tsakuwa na cinye shi da wuri, in ka sauka shan ruwa ko sallah a hanya tafiya ma aiki ce. Takalman SPD na hawan daji sun fi sakewa a gaba, suna jure ƙura, sun fi dacewa da hanyoyinmu da kwalta ke ƙarewa ba sallama ka faɗa jar ƙasa. Kuma kada wani ya raina maka feda shimfiɗaɗɗiya. In ka samu mai faɗi, mai 'yan ƙusoshi a sama masu riƙe tafin takalmi, ka haɗa ta da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai ɗan tauri, irin Five Ten na Adidas ko ma kambas mai faɗin baki wanda ƙasansa ba ya naɗewa a hannu, za ka yi Garwa zuwa Gidar ƙafarka ba ta ce maka komai ba. Abin gudu kawai shi ne takalmin gudu mai laushin soso, don fedar na nutsewa cikinsa ta dinga cin tsakiyar tafi, da kuma silifa, wadda ko ba a faɗa ba ka san ranar da ƙafa ta zame yatsu ne za su biya.

Sunayen da za ka nema

Ba kowane kamfani ke yin mai faɗi ba, waɗanda ke yi kuma kowa da alamarsa. Lake su ne suka fi suna a wannan fanni, suna yin mai faɗi har da wanda ya fi mai faɗi faɗi a wasu samfuran, kuma suna buga jadawalin tsawo da faɗi da milimita, ka ga awon da ka yi ya yi rana. Shimano suna yin mai faɗi a samfura da yawa, in ka duba lakabin cikin harshen takalmin za ka ga harafin E kusa da lambar, misali 43E. Sidi na Italiya nasu mai faɗin Mega ake rubutawa. Giro suna sa HV, wato an ƙara sarari a ciki. Specialized da Fizik ma suna da masu faɗi a wasu samfuran. Bont na Ostireliya gabansu a buɗe yake, siffarsa ta fi kama da ƙafar mutum.

Amma ga inda ake yaudarar kai. Wani takalmin an rubuta masa mai faɗi, alhali ƙasansa ɗaya ne da na siririn, saman kawai aka ƙara wa yadi. Irin wannan zai taimaki mai tudun doron ƙafa, amma mai faɗin gaske ƙafarsa za ta zubo ta gefe ta hau kan kaifin tafin takalmin, nan ne kuwa ƙashin ƙaramin yatsa ke shan wuya. Shi ya sa ba rubutu za ka bi ba, ƙasan takalmin za ka juya ka duba.

Gwaji a kasuwa

Yawancinmu a gwanjo muke samu, in an fasa dila daga Duwala, ko wani ya shigo da su ta Mubi ko Kano, kuma sau da yawa mai kayan bai ma san na keke ba ne, ya haɗa su da na ƙwallo. Ka je da yamma, da safarka a aljihu da kwalin nan da ka yanke.

Da farko ka juya takalmin ka ɗora kwalin a ƙasansa, in kwalin ya zarce sosai ta gefe biyu kada ma ka ɓata lokacin sawa. In ya wuce wannan, ka zaro shimfiɗar cikin, ka ajiye a ƙasa ka taka ta a tsaye. Ƙafa ta ɗan leƙo milimita ɗaya ko biyu ba komai, saman takalmi na ba da wannan, amma in ƙaramin yatsa gaba ɗaya a waje yake, mayar masa da kayansa. A gaba kuma ana son ɗan sarari, rabin santimita ko ɗan fiye, ba sai ya kai na takalmin gudu ba don a kan keke ƙafa ba ta turuwa gaba sosai.

Sai ka sa ƙafa biyun, ka buga dunduniya baya, ka ɗaure daidai yadda za ka hau. Ka tsaya ka ɗaga dunduniya ka ɗora nauyi a gaban ƙafa, kana yi kana sauraron jikinka. Yatsu su iya motsi, ka iya baje su kaɗan. Kada ka ji wani wuri guda yana tsikararka. Dunduniya ta zauna daram kada ta zame, domin matsalar wasu takalma masu faɗin ita ce bayansu ma ya yi faɗi, alhali mutane da yawa gaban ƙafarsu ne kawai mai faɗi. Kuma kada ka cire nan take, ka ce, Alhaji bari in ɗan zauna da shi, ka yi minti goma ko sha biyar ana hira, don matsi ba ya nuna kansa a minti na farko. Bayan ka cire ka tuɓe safa ka duba fatar, duk inda ka ga shatin ɗinki ko wurin ya yi ja, nan ne bororo zai fito ranar da ka yi doguwar tafiya.

Tunda gwanjo ne ka ƙara duba abu uku. Ka murɗa takalmin ka ga ko gam ɗin da ya haɗa sama da ƙasa ya fara saki, tsohon gam ba ya jure zafinmu. Ka leƙa ramukan noti, in zaren ya cinye ko ya yi tsatsa ba za ka iya ɗaura kal ba. In ƙasan na kabon ne, wato wani baƙin abu mai tauri mara nauyi da ake yin ƙasan takalman tsere da shi, ka duba tsaga da kyau, kabon da ya tsage ba ya gyaruwa wurin shumeka. Ni ma dai ga mai faɗin ƙafa na fi son ƙasa na nailan a kan kabon, yana ɗan ba da kai, ya fi arha, ba ya tara zafi wuri ɗaya.

Maganar maɗauri kuwa, igiya ta fi kowanne sauƙin sarrafawa ga irinmu, don kana iya sassauta gaba ka matse sama, har ma ka tsallake rami ɗaya a daidai inda ƙafar ta fi faɗi. Sai dai ka dinga cusa bakin igiyar kada sarƙa ta kama. Mai murɗawa, wato BOA, yana da daɗi don kana kan keke ma za ka sassauta, amma ka nemi mai maɓalli biyu, mai ɗaya in ka matse sama gaban ma ya matse, kuma in wayarsa ta tsinke samun canji a nan sai an yi oda. Mai mannewa yana da saurin cirewa lokacin alwala, illarsa ƙura da ƙarangiya, in suka cika shi ya daina kamawa sai ka zauna da tsinke kana tsincewa.

In oda za ka yi daga nesa

Wani ɗan'uwansa ne a Faransa ko Dubai zai aiko masa, wani kuma mai shago ne a Yawunde zai sa masa a motar ajans, wato motar kamfanin sufuri. Kada ka ce masa 43 kawai ka tura kuɗi. Ka tura masa tsawo da faɗi da milimita, ka ce ya duba jadawalin wannan kamfanin, don 43 na wannan ba shi ne 43 na wancan ba. Ka sa ya ɗauko maka hoto a WhatsApp, na lakabin ciki, da na shimfiɗar ciki an ɗora mata rula a tsaye da kuma a kwance inda ta fi faɗi. Ku yi magana tun farko cewa in bai yi ba za a canza, kuma har sai ka tabbatar kada ka ɗaura kal, kada ka taka ƙasa da shi, a kan tabarma za ka gwada.

Ɗaura kal

Nan ne ake samun takalmi mai kyau a ɓata shi. Ka sa takalmin, ka laluba ƙashin gindin babban yatsa ta waje ka yi alama da alli ko ɗan salatif, ka yi haka ga na ƙaramin yatsa. In ka juya takalmin za ka ga alamar babban yatsa ta fi gaba, ta ƙaramin ta fi baya. Tsakiyar kal ɗin ya faɗo tsakanin layukan biyu, in za ka karkata ma ka karkata baya. Mai fama da zafin tafi ya ja kal ɗin baya ƙwarai, a SPD akwai jeri biyu na ramuka, ka yi amfani da na bayan, wannan kaɗai yana raba mutane da yawa da wannan zafin domin nauyin ya tashi daga kan jijiyoyin da ke tsakanin ƙasusuwan yatsu. In ka ja shi baya sosai ka sauke sirdi milimita biyu ko uku, haka ma in sabon takalmin ya fi tsohon siririn ƙasa.

Mai faɗin ƙafa na da ƙarin matsala ɗaya, gefen takalmi na gogar hannun feda, za ka ga fentin wurin ya goge. Ka tura kal ɗin zuwa ɓangaren babban yatsa, sai takalmin ya matsa waje. In bai isa ba ka sa washa guda, wato zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti, mai kaurin milimita ɗaya ko biyu, tsakanin feda da hannunta, kada ka jera su da yawa zaren ya rasa abin kamawa. Shimano suna yin wasu fedojin tsere da aka ƙara wa ƙarfen tsakiyarsu tsawon milimita 4 saboda wannan. Ka tuna fedar hagu zarenta a juye yake, da yawa sun lalata hannun feda a nan.

Ka shafa ɗan giris a notin, ka ɗaure da alanki mai lamba 4, ka sake dubawa bayan hawa na farko don yana saki. Ka bar wa ƙafa damar ɗan juyawa, a SPD-SL kal mai ruwan ɗorawa digiri 6 yake bayarwa, shuɗi 2, ja ba ya motsi ko kaɗan, a Look Keo kuma mai ruwan toka 4.5 ne ja 9. Sabon shiga ya ɗauki mai motsi saboda gwiwa. In SPD ne ka nemi kal mai lamba SH56, ya fi SH51 sauƙin fita, ka sassauta sukurun fedar, ka jingina da bango ka koyi cire ƙafa har hannu ya faɗa kafin ka shiga cikin 'yan moto.

In takalmin ya kusa yi amma da saura

Wani lokacin komai ya yi sai wuri ɗaya. Fara da abu mai sauƙi, safa siririya, da canza shimfiɗar ciki zuwa wadda ba ta da kauri a gaba. Wanda tafinsa shimfiɗaɗɗe ne kuma, shimfiɗa mai ɗan tudu a tsakiya tana hana ƙafar bajewa duk lokacin da ya danna feda, sai ka ga faɗin ma ya ragu. Akwai kuma ɗan matashi da ake liƙawa a shimfiɗar, a bayan ƙasusuwan gindin yatsu kaɗan, ba a ƙarƙashinsu ba, yana buɗe tsakaninsu jijiya ta huta. Kana iya yanka shi da kanka daga soso mai tauri, girman ƙwandala.

In saman fata ne na gaske, to Allah ya ba mu dukawa, musamman a Marwa inda aikin fata gado ne. Ka kai wa baduku ko shumeka, ka sa takalmin a gabansa ka nuna masa, Baba nan ne yake ci na, ya yi alama, ya jiƙa wurin ya cusa katako ya kwana biyu. In roba ce ba za ta miƙe sosai ba, amma mai hannu zai iya tsaga daidai inda ƙashin ke turowa ya yi faci da fatar akuya mai laushi, ba zai yi kyan gani kamar sabo ba amma ƙafarka za ta huta. Abin da ba wanda zai iya shi ne faɗaɗa ƙasan, in tafin takalmin ne ya yi kaɗan ka sayar ka nemi wani. Bont ana gasa su su bi siffar ƙafa, digiri 70 na minti 20 a tanda mai ma'auni, amma don Allah kada wani ya ji haka ya ɗora takalminsa kan gawayi ko ya gwada da wani kamfanin da ba a yi shi don haka ba, gam ɗin zai narke ne kawai.

A kan hanya

A watan Maris da Afrilu nan Garwa da Njamena zafi na haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka, ƙafa na kumbura fiye da yadda masu ƙera takalman suka lissafa. Ka fara tafiya da ɗauri sako-sako a gaba, bayan rabin awa ka ƙara sassautawa. In akwai zaɓi ɗauki fari ko mai haske mai ramukan iska, baƙi na shan rana. Lokaci-lokaci ka dinga motsa yatsu, ka ɗan ɗaga ƙafa a cikin takalmin, ka sauƙaƙa giya ka yawaita juyi maimakon danna mai nauyi. In ka tsaya sallah ka bari ƙafa ta bushe bayan alwala kafin ka mayar da safa, jiƙaƙƙiyar fata ce ke saurin bororo, da hunturu kuma ka shafa man kaɗanya a dunduniya da dare saboda faso. Farce ma ka yanke shi, dogon farce a tsukakken baki shi ke baƙi ya fita. In ka dawo ka zaro shimfiɗar ka shanya takalmin a inuwa, ba a kan kwano ko cikin rana ba.

Sabon takalmi kada ka fara da doguwar tafiya, ka yi gajeru tukuna, kana gyara abu ɗaya-ɗaya don ka gane wanne ne ya yi aiki. In ka yi duk wannan amma sagewar ba ta tafiya bayan ka cire takalmi, ko kana jin suka mai zafi tsakanin yatsa na uku da na huɗu ko da kana tafiya a ƙasa, ka je asibiti a duba, jijiyar wurin kan kumbura. Mai ciwon suga kuwa ya fi kowa bukatar kula, don ƙafarsa na iya jin ciwo bai sani ba, duk ranar da ya hau ya duba tafinsa da tsakanin yatsu, in ya ga ƙuje ko canjin launi ya ajiye keken ya ga likita kafin ya sake sa takalmin.